Yadda Ɗanbaba Ya Gyara Haƙarƙarin Annasara

Ni Yusha'u Hashimu, tsohon diraktan lakwal, wato shugaban makarantar boko, na koyar a Alela da Badagishiri da nan Birnin Ƙonni har gwamnati ta sallame ni da takardar yabo, kuma a duk tsawon aikin nan ban taɓa kai ƙarar kowa ba. Yanzu na kai. Na kai ta gaban mai unguwa Ƙasimu, wanda ya saurare ni yana toshe baki da hannun riga, kafaɗunsa na rawa. Ya ce tari ne. Na san tari, na kuma san dariya, don na yi shekaru ina bambanta su daga bencin ƙarshe na aji. Saboda haka zan tsara maganar a nan daki-daki, masu hankali su duba.

Gidan da nake ciki wani Bature ne ya gina shi, injiniyan da ya zo aikin noman rani tun da daɗewa. Matarsa, wadda ta fito daga ƙasar da ƙanƙara ke toshe ƙofa, ta ce ba ta taɓa jin sanyi irin na safiyar Ƙonni a watan Janairu ba. Sai ya girka mata abin ɗumama gida. A wani ɗan ɗaki da ke jikin zaure akwai tukunyar ƙarfe da ake hura wa itace. Ruwa ya yi zafi a cikinta, ya bi bututu ya zaga ɗakuna, ya ratsa wasu ƙarafa masu nauyi da ke manne da bango, ya saki zafinsa, ya komo tukunya. A kan soro akwai ƙaramin tanki, ta nan ake zuba ruwan. Sunan ƙarfen bangon radiyata. Mutanen unguwa suna ce masa haƙarƙarin Annasara. Na gyara musu har na gaji.

Duk garin nan ni kaɗai ke da wannan abu. Ba don alfahari na faɗa ba, don gaskiya ce.

Bana da ɗari ya kama, ɗiyata Nafisa ta zo gida haihuwar fari, Allah ya sauke ta lafiya, aka samu namiji. A ranar ne na lura radiyatan ɗakin da aka gyara mata ya tsage ta ƙasa, yana ɗiga. Na kashe wutar tukunya, aka bar mai jego a ɗakin uwarta Ummusalma kafin a gyara. Ana haka sai ga yayata Inna Karima daga Bazaga, wadda ta goye ni ina jariri kuma ba ta taɓa bari na manta ba. Ta sauko daga amalanke da damin ganyen wanka a ka, da kasko a hammata.

Na ce, "Me za ki yi da kaskon nan, Inna?"

"Rawa zan yi da shi. Garwashi za a sa ƙarƙashin gado, mai jego ta gasu, awa yadda anka yi ma uwarmu sa'adda ta haife ka."

"Ba a sa garwashi a rufaffen ɗaki. Yana fitar da wata iska marar wari da ke kashe mutum cikin barci."

"Kai dai ba ka mutu ba. Ga ka nan kana yi mini lakwal."

"A gidan nan ba garwashin da zai shiga ɗakin jariri. Za a canza ƙarfen nan, ɗaki ya yi ɗumi ba hayaƙi."

Ta ajiye damin, ta dube ni daga hula har takalmi. "To ji nan, Yusha'u. Ba ni musu da mai takarda. Amma ran suna, in na shiga ɗakin ga sanyi ya taɓa mini ƙafa, zan naɗe ɗiyar ga da jinjirinta in kai su Bazaga har a yi arba'in. Can gadon ƙasa na nan da wuta ƙarƙashi, ba mai karanta muna iska."

Ummusalma ta ce ita ba ta shiga tsakanin ya da ƙane, sannan ta karɓi kaskon ta nema masa wuri mai kyau.

Na san ɗakin nan na Bazaga. Ba shi da taga, kuma Inna tana toshe ƙasan ƙofarsa da tsumma. Jikana na fari ke nan. Ku riƙe wannan a ranku, domin shi ne dalilin da ya sa mutum irina ya saurari Ɗanbaba.

Ɗanbaba, wanda sunansa na yanka Aliyu Sirajo, ɗalibina ne a da. Na taɓa tambayarsa babban birnin ƙasarmu, ya ce ai bai taɓa zuwa ba, ba zai yi shaidar zur ba. Ya bar lakwal, ya ɓace shekaru, ya dawo da tabarau da jakar kayan aiki, yana kiran kansa Injiniya. Da labarin ƙarfena ya kai fadar masu shayi, kafin in aika neman kowa sai ga shi a ƙofar gida.

Ya ce, "Dirakta, wanga aiki a Aljeriya shi munka ci, shi munka sha. Na taɓa kwance na otel guda tsakanin azahar da la'asar. Balaraben har kuka ya yi, ya ce in zauna ya ba ni ƙanwarsa."

"Me ya hana ka zama?"

"Kishin ƙasa, Dirakta. Kai ka koya muna."

Malami ba ya yanke ƙauna daga ɗalibinsa, kuma duk masu gyaran famfon da na tambaya sun leƙa tukunyar sun ce suna zuwa. Na tsayar da shi na karanta masa ƙa'idar aikin yadda take. A rufe ruwan tankin sama. A ɗaura tiyo a famfon da ke gindin tukunya, wanda ya fi kowane ƙasa, a zubar da ruwan duka. Sannan a kwance tsohon ƙarfe, a ɗaura sabo. A rufe famfon ƙasa, a cika a hankali, a bi kowane radiyata a sassauta ɗan kusar da ke kansa har iskar ciki ta fita. Na maimaita, na sa shi ya maimaita.

Ya maimaita daidai, sannan ya ce, "Amma wagga hanyar Faransa ce, ta tsufa. Mu a Aljeriya daga kan ciwon muke farawa."

Kafin in buɗe baki ya sa sifana a gindin ƙarfen ya murɗa.

Ruwan da ya yi shekaru yana zagaya cikin ƙarfe ba ruwa ba ne, tawada ce mai wari. Ta fito da ƙarfin duk abin da ke sama da ita, ta daki bangon da aka yi wa sabon farar ƙasa, ta bi katifa, ta fita ta ƙofa ta nufi tsakar gida. Ɗanbaba ya danna babban yatsa a bakin bututun, ruwan ya rabu biyu, rabi a fuskarsa, rabi a rigata.

Inna Karima ta leƙo tana tattare zane. "Wanga shi ne ɗumin, ko shina tafe?"

Ɗanbaba ya tofar da abin da ya shiga bakinsa. "Mugun jini ne, Inna. Awa ƙaho. Ki dubi baƙinsa. Da ba a fid da shi ta nan ba, da gidan ga bai kai baɗi ba."

Sai da ɗaki ya zama fadama ya tuna da tiyo. Ya ɗaura shi a famfon ƙasa, ya tura bakinsa cikin rariyar katanga, bai tambayi inda rariyar ta nufa ba. Garken maƙwabcina Halilu mai kiwon raguna ta nufa, inda ragon sunan jikana yake zaune, fari tas kamar auduga. Ni a lokacin ina ceton katifa. Tsohon ƙarfen kuwa, ya kira majiya ƙarfi suka ciccibe shi suka jefar a bayan madafa, kusa da murhun da ake dafa ruwan wankan jego. Ya taka shi da ƙafa ya ce aikinsa ya ƙare.

Washegari ya zo a bayan kabu-kabu, ya rungumo wani abu mai faɗi kamar ƙyauren taga, duk ƙwari sun mutu a jikinsa.

Na ce, "Aliyu Sirajo, mene ne wannan?"

"Sabon ƙarfenka."

"Wannan lagireton babbar mota ne."

"Na tirela ne, Dirakta, kada ka rage mishi daraja. Wanga ya yi Agadas, ya yi Kwatano. Naka ina ya taɓa zuwa? Tun zamanin Annasara shina jingine da bango."

"Aikin lagireto sanyaya inji."

"To zafin da ya cire ma inji, ina yake kai shi? Waje. Wajen nan kuwa shi ne ɗakin Nafisa."

Abin da ya fi ɓata mini rai shi ne, ta fuskar ilimi, wannan jumla ɗaya daidai ce. Ita ce amsa ta farko da ya taɓa ba ni daidai tun da na san shi, kuma yayin da nake neman inda kuskurenta yake, ya riga ya jingina abin da bango. Bakin lagireton ya fi bakin bututun faɗi nesa ba kusa ba. Ya yanka tsohuwar robar tayar babur tsiri-tsiri, ya naɗa, ya naɗa, ya ɗaure da waya, ya ja da baya yana kallon aikinsa kamar wanda ya gina masallacin Juma'a.

Ranar cikawa famfon gari ya ɗauke. Aka kira Chindo, dattijon da ke sayar da ruwa a tano, wato babbar gangar ƙarfe, bisa amalanken jaki. Ɗanbaba ya hau soro ya tsaya riƙe da ƙugu, ana miƙa masa bokiti ta tsani yana juyewa a tanki. Tano ya ƙare, tanki bai cika ba. Chindo ya koma rijiya ya dawo. Wannan ma ya ƙare. Mutanen unguwa suka fara taruwa a gindin katanga suna kallo.

Na ce, "Ɗanbaba, ruwan nan ya fi abin da bututun ke ɗauka. Ka rufe famfon ƙasa kuwa?"

"Dirakta, ni za a tambaya wagga tambaya? Gida ne mai ƙishirwa. A Aljeriya akwai wanda ya sha rijiya guda."

Chindo ya yi ta kai da kawowa har jakinsa ya kwanta a tsakiyar hanya ya ƙi tashi. A daidai nan Halilu ya shigo, wando naɗe har gwiwa, yana jan wani rago da igiya. Daga baya zuwa ƙaho fari ne. Daga ciki zuwa kofato baƙi ƙirin, kamar an sa masa wando.

Ya ce, "Dirakta, ina wuni. Shawara na zo nema. Shinkafa kake so in shuka a garken, ko kifi za mu zuba?"

Na duƙa ina duban ƙafafun ragon.

"Ga kuma ragonka. Na kawo ma shi tun bai koyi iyo ba."

Ɗanbaba ya leƙo daga soro. "Ɗauraya ce, Halilu. Da gangan na bar shi buɗe. A Aljeriya sai an ɗauraye bututu kafin a cika."

"A Aljeriya karen mota ka yi. Ƙanena Shafi'u ya gan ka a Tamanrasat kana sa ma taya dutse."

"Hutu nike ranar. Taimako na yi."

Da hannuna na rufe famfon. Bokiti kaɗan tanki ya cika. Da cikarsa duk inda Ɗanbaba ya naɗa roba ya fara hawaye, lagireton kansa ma yana tsiyaya ta wasu ƙananan huji da ya samo a hanyar Agadas. Ya ce kada in damu, sabon takalmi ma sai ya ciji ƙafa.

Jajibirin suna na tafi buro, ofishin magajin gari, neman takardar haihuwa. Ina so a rubuta cewa ba na gida lokacin da abin da zan faɗa ya faru. Da na dawo na tarar da ɓawon ƙwai a gindin tsani, tuli guda, Ummusalma na tsaye riƙe da kwanukan ajiyarta, duk wayam.

Ta ce, "Ya ce kai ka aiko."

"Na aiko a yi me?"

"A ba shi ƙwai, da dakakken barkonon da na tanada don abincin suna, da garin kuka. Ya hau da su sama."

Ɗanbaba ya sauko yana karkaɗe hannu. "Sirrin direbobi ne, Dirakta, ba a koyar da shi a lakwal. Lagireto in ya yi yoyo cikin daji, ka fasa mishi ƙwai guda, ka zuba barkono cokali guda. Da ya ji zafi sai su dahu su toshe hujin. To mota ɗaki guda gare ta. Gidanka fa? Sai na ninka. Kai ka koya mini sau."

"Ban taɓa samun nasarar koya maka sau ba. Kukar fa?"

"Kuka tawa ce, ni na ƙirƙiro. Don yauƙi, ta kai maganin lungu-lungu."

Ummusalma ta ce, "Saura daddawa da gishiri. In an gama a faɗa mini in ɗora tuwo."

Na ce a zubar da komai nan take. Amma Halilu ya riga ya toshe rariya da laka da duwatsu, Chindo ya ce jakinsa ko sunan unguwarmu ya ji sai ya kwanta, famfo kuma bai dawo ba. Na ce to aƙalla a sassauta kusoshin nan a fitar da iska. Ɗanbaba ya ce inda ya ɗaure ko sauro bai shiga, balle iska. Na ce a hura wuta yanzu a gwada tun ba baƙi. Ya ce maganin sai ya jiƙa, ya kulle ɗakin tukunya, ya jefa makullin a aljihu, ya hau kabu-kabu. Inna Karima tana zaune a bakin madafa tana tsinke ganyen wanka. 

Da safiyar suna aka shimfiɗa tabarmi a ƙofar zaure. Ga liman, ga mai unguwa Ƙasimu cikin farar shadda, ga surukaina da suka zo daga Malbaza, kowa ya ƙudundune cikin bargo, ana raba goro da dabino. Ɗanbaba ya iso cikin shuɗin kayan aiki da hular kwano. Ya gaida jama'a, ya ce yau za su ga abin da ba a taɓa gani ba daga nan har Tawa. Wannan ita ce gaskiyarsa ta biyu.

Ya buɗe ɗakin tukunya ya cusa itace. Na ce a hankali ake hurawa. Ya ce a hankali ta masu tsoro ce, ya ƙara da karan dawa.

Liman ya fara addu'a. Sai bango ya amsa. Da farko ƙwanƙwasa ce kamar ta baƙo mai kunya, sannan ta zama kamar maƙeran gari sun tare cikin bututu, kowa da gudumarsa. Iskar da aka ƙi fitarwa ce ta tare hanya, ruwan ya rasa inda zai bi.

Liman ya dakata. "Dirakta, kana da ma'aikata a ciki?"

Ɗanbaba ya ce, "Gaisuwa ce, Malam. Ruwa da ƙarfe sun daɗe ba su gamu ba."

Wani daga cikin surukaina ya shaƙi iska ya ce, "Kai, matan gidan ga sun iya miya."

Tankin da ke kan soro ya fara tafasa. Abin da ke cikinsa ya taso, ya yi ambaliya, ya bi soro, ya sami indararo. Indararon nan kuwa, a bisa tsarin Baturen da bai san inda muke shimfiɗa tabarma ba, yana zuba ne daidai ƙofar zaure. Wani abu kore mai yauƙi, da farin ƙwai yana yawo a ciki, ya sauko zara-zara ya sauka a kafaɗar mai unguwa, ya bi shaddar a natse har ƙasa. Bayansa tururi ya biyo, kuma tururin nan barkono ne tsantsa.

Liman ne ya fara atishawa. Daga nan ta zaga tabarma kamar ana raba ta. An sa wa yaro sunana, Yusha'u, abin da na daɗe ina jira in ji an faɗa a bainar jama'a. Sanƙira ya miƙe zai sanar, ya buɗe baki, atishawa ta riga sunan fita. Ya sake gwadawa, ta sake riga shi. A ƙarshe ya nuna ni da yatsa ya zauna. Haka aka raɗa wa jikana suna, da nuni.

Wani Bafillace da ke kora shanunsa zuwa kasuwa ya ga dattawa jere a ƙofar gida, idanu jajur, hawaye na zuba, liman na share fuska da rawani. Ya tsaya, ya cire malfa, ya durƙusa. Ya ce, "Allah shi jiƙan rai. Wa anka rasa?"

Halilu ya ce, "Haƙarƙarin Annasara ne. Jinyar ba ta yi tsawo ba."

Ɗanbaba ya ce kowa ya kwantar da hankali, ƙaramin abu ne, murfi ne ya yi sako-sako. Ya haye tsani. Na bi shi da murya ina cewa kada ya rufe, tankin nan shi ne numfashin tukunyar. Ya danna murfin, ya haye ya zauna a kai, ya ɗaga hannu sama kamar ɗan kokawar da ya yi kaye. Indararo ya tsaya. Wasu har sun fara tafi.

Tururin da aka hana fita ta sama ya nemi inda ya fi rauni, kuma duk gidan ba inda ya kai robar tayar babur rauni. Daga cikin gida aka ji wata ƙara kamar tayar tirela ta fashe. A daidai lokacin zafin murfin ya gama ratsa wandon Injiniya. Ya sauko daga soro ba ta tsani ba, ya dira cikin tiren goro.

Ban tsaya kallonsa ba. Ƙarar daga ɗakin Nafisa ta fito, kuma a iya sanina da safen nan ne Inna za ta mayar da mai jego can don ta gwada ɗumin. Rabona da gudu tun ina ƙaramin malami, amma na yi. Na banke ƙofa. Lagireto na kwance a ƙasa, bango kore har sama, ƙwai na lilo a jikin taga. Ba kowa. Ba akwatin Nafisa, ba kayan jariri. Na leƙa ɗakin Ummusalma, nan ma ba su. Na tsaya a tsakar gida. Na ce shi ke nan, Inna ba ta ma jira gwaji ba, suna kan hanyar Bazaga, kuma yau jikana zai kwana a kan garwashi a ɗakin da ba taga.

Sai na ji kukan jariri daga ɗakin karatuna.

Wannan ɗaki ni na ƙara shi da kaina, bututu bai bi ta cikinsa ba. Na tura ƙofa, ɗumi ya dake ni a fuska. An kwashe littattafaina an jibge a lungu, an kafa gado a inda teburina yake. Nafisa na zaune tana shan kunu, yaro na cinyarta. A ƙarƙashin gadon, bisa tubala, ga tsohon ƙarfena da Ɗanbaba ya ce aikinsa ya ƙare, ya yi baƙi da hayaƙi, yana fitar da zafi a hankali.

Inna Karima ta ce, "Rufe ƙofar, kana shigo muna da sanyi."

"Yaya aka yi wannan ya zo nan?"

"Da ƙafarsa ya zo. Tun randa kunka yar da shi muke ɗora shi kan wutar ruwan wanka. In ya yi zafi mu zura taɓare tsakanin haƙarƙarinsa mu ɗauko. Can ɗakin uwarta yake, kai kana kan soro kana kallon sama. Da na ga an hau da ƙwai na san ba ɗakin da za a sa jinjiri in ba wanga ba. Ka ce ba garwashi a ɗaki. Duƙa ka duba. Ka ga garwashi?"

Na duƙa na duba, domin ni ba na yarda da abin da ban gani ba. Babu garwashi, babu hayaƙi, taga ma a ɗan buɗe take. Na bayyana mata cewa wannan ɗabi'ar ƙarfen zubi ce, yana riƙe zafi ya sake shi sannu a hankali, kuma na koyar da hakan a aji shekara da shekaru.

"Ashe ka sani, ka bari anka yi muna miya a soro."

"Maganar Bazaga fa?"

"Mi zan kai su yi Bazaga? Ƙarfen ga ya fi gadon ƙasa. Nan za mu zauna har arba'in, ka nemi inda za ka yi karatunka. In zan koma kuma da shi za ni."

Ga abin da ya sa na kai ƙara. Kafin a gama feɗe ragon nan mai baƙin wando, Ɗanbaba ya isa fadar masu shayi, yana tsaye don ba ya iya zama, yana ba da labarin cewa dama shirinsa ke nan. Wai sabon salo ne da ake yi a Aljeriya, ɗumama marar bututu, wai ya cire ƙarfen ne takanas don mai jego, miyar kuwa wanke tukunya ce. Yanzu mata masu ciki suna aika masa a nemo musu haƙarƙari. Na ji an ce ya kai wa wasu ƙyauren tsohuwar mota.

Na nemi abu uku a gaban mai unguwa: a hana shi kiran kansa Injiniya, ya fito fili ya ce ba shi ya ƙirƙiro komai ba, a kuma mayar mini da gidana yadda yake. Ƙasimu ya gama tarinsa, ya ce biyun farko bakin mutane ne, ba shi da iko da shi. Na ukun kuwa ya ce ina da gaskiya ɗari bisa ɗari, wanda ya ɓata shi zai gyara. Ya yanke hukunci cewa Ɗanbaba ya dawo gidana ya zubar da ruwan, ya wanke bututun, ya sake cikawa, da hannunsa. Jama'a suka ce an yi adalci, suka zo suna yi mini barka. Ɗanbaba ya karɓi hukuncin da hannu biyu, har ya yi wa mai unguwa godiya.

Jiya ya aiko a tanadar masa kanwa da tsamiya masu yawa, wai su ne sirrin wanke bututu. Inna Karima ta ce a ƙara da gero, tun da mai jego na bukatar kunun kanwa, a huta da ɗora tukunya biyu.

Saboda haka ina ɗaukaka ƙara. Ba na neman ya daina kiran kansa Injiniya, ya kira kansa Minista in ya so. Abu ɗaya nake nema daga duk wanda ke da iko a garin nan: a soke hukuncin nan da na ci. Kafin a soke, na sa sabon kwaɗo a ɗakin tukunya, na kwantar da tsani na ɗaure shi da sarƙa, kuma ina zaune a zaure da kaina, tun da dai ɗakin karatu ba nawa ba ne yanzu.